Lens ɗin kyamarar zafi don duba farantan sola: jamaniyam ko kalkojinaid?

Aminu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wani tsari da nake so ku duba kafin a tura wa masu yanka. Kyamarar zafi ce da za a ɗaura wa jirgi marar matuƙi don duba farantan sola, a manyan filaye irin na Challawa a Kano ko na Gorou Banda a Yamai. Sensar maikurobolomita ce (mai gane zafi ba tare da an sanyaya ta ba) 640×512, fiksel maikiron 12, tana gani daga maikiron 8 zuwa 14. Lens biyu, duka jamaniyam, tsawon fokas 25 mm, f/1.0 (wato faɗin lens daidai da tsawon fokas), gangar kuma alminiyam. A manhajar tsara lens ta OpticStudio, MTF (ma'aunin kaifin hoto) ya ba da 0.45 a tsakiya da 0.38 a kusurwa, a layi 42 cikin milimita ɗaya. Iyakar da bazuwar haske ta ƙyale 0.48 ce, shi ya sa nake ganin ya isa. Akwai abin da ya rage?

Injiniya Bashir: Wa alaikumussalam. A digiri nawa ka duba MTF ɗin?

Aminu: A 20, yadda manhajar ta zo da shi.

Injiniya Bashir: To a nan gizo ke saƙar, Malam Aminu. Ma'aunin karya haske (n) na jamaniyam 4.003 ne a maikiron 10, kuma yana ƙaruwa da kusan 396×10⁻⁶ a kowane digiri. Cikin kayan da ake yanka lens ɗin infirared da su, wannan ne mafi tsanani. Yi lissafin kamar lens ɗaya ne siriri. Raba 396 da n−1, wato 3.003, ka sami 132. Cire kumburin jamaniyam ɗin kansa, kusan 6, ya rage 126. Idan ya ɗumama fokas ɗinsa gajarta yake yi, ita kuma gangar alminiyam tsawo take ƙarawa da 23.6, saboda haka su biyun haɗuwa suke yi, ba sa kashe juna: kusan 150×10⁻⁶ a digiri. Ninka da 25 mm, fokas na gocewa maikiron 3.75 a kowane digiri ɗaya.

Zurfin fokas kuwa, gocewar da hoto ke iya jurewa, ±2λN² ne (λ tsawon igiyar haske, N lambar f), wato ±20 maikiron a f/1.0. Digiri biyar da ɗan kai kawai ke cinye shi. Safiyar hunturu a Kano kan sauka ƙasa da 15, a bazara iska kaɗai na wuce 40, kyamarar da ke cikin rana kuma ta fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Ɗauki 10 zuwa 65. Ko ka saita fokas a tsakiya, a 37, kana da gocewar ±100 maikiron, ninki biyar na abin da aka yarda. Sel ɗin faranti ɗaya mai zafi zai fito kamar ɗigon mai a kan takarda, ya malale cikin maƙwabtansa, zafin da za ka karanta kuma ya yi ƙasa da na gaskiya.

Ni shawarata ka koma gilashin kalkojinaid na As40Se60, wanda Schott ke kira IRG 26. Nasa n 2.778 ne, canjinsa da zafi kusan 32×10⁻⁶, kumburinsa kusan 21. Lissafin ya zama 18 a cire 21, wato −3. Da gangar alminiyam rabin maikiron ne a digiri, ±14 a duk zangon nan. Ya shige ciki ba tare da wani abu mai motsi ba.

Malama Rabi: Injiniya, lissafinka na zafi daidai ne, amma ka tsallake launi, wato yadda fokas ke bambanta tsakanin tsawon igiyoyin haske. Lambar Abbe (da ita ake auna wannan, girmanta ya fi kyau) ta jamaniyam tsakanin maikiron 8 da 12 ta haura 800, ta IRG 26 kuma wajen 160 take. Raba 25 mm da kowanne. A jamaniyam tazarar fokas tsakanin maikiron 8 da 12 kusan maikiron 30 ce, ta zauna cikin 40 ɗin da muke da shi. A IRG 26 ta haura 150. Ka magance zafi ka jawo launi, kuma shi launi kullum yana nan, ko da safe ko da rana.

Sannan n na 4 ba ƙaramar ni'ima ba ce. Ƙarfi iri ɗaya, lanƙwasar fuska kaɗan, kurakuran siffa kaɗan. Shi ya sa lens biyu kacal suka kai Malam Aminu 0.45 a f/1.0. Kada a yi saurin jefar da jamaniyam. Akwai ganga mai gyara kanta da robar POM, akwai kuma ƙaramar mota (injin lantarki mai matsar da lens) mai bin ma'aunin zafi.

Injiniya Bashir: Mu auna gangar POM ɗin, Malama. Kumburinta kusan 110×10⁻⁶, a cire na alminiyam ya rage 86. Ana buƙatar lens ya matso kusa da sensa da maikiron 3.75 a digiri, to sai an sa bututun POM mai tsawon kusan 44 mm, a naɗe shi ya komo baya a cikin na alminiyam. Ya fi tsawon fokas ɗin kansa. Ga nauyi a kan gimbal (abin da ke riƙe kyamara a jirgi), ga ƙura da za ta shiga inda bututu ke zamewa cikin bututu. Roba kuma ba ta bin hanya ɗaya a ɗumama da hucewa, tana jan ƙafa. Mota ta fi, amma ma'aunin zafinta ganga yake ji, ba tsakiyar lens ba. Jirgi na tashi iska ta buge gangar ta huce cikin mintuna, lens na ciki bai huce ba tukuna.

Malama Rabi: Wannan na ƙarshen hujja ce, na karɓa. Amma launin fa?

Malam Nura: Launin ana kashe shi da zobban difarakshan a fuska ɗaya. Lambar Abbe ta irin wannan fuska −2.5 ce a zangon 8 zuwa 12, saboda haka ƙarfi kaɗan take buƙata: 2.5 a raba da 160, kusan kashi 1.6 cikin ɗari na ƙarfin lens gaba ɗaya. Tsawon fokas ɗinta ya kama 1600 mm. A faɗin 25 mm zobba biyar ne kacal, zurfin kowane mataki λ/(n−1), wato maikiron 5.6. Injin yankan lu'ulu'u na yin sa a zama ɗaya tare da asfiya (fuskar da ba ta bin siffar ƙwallo), idan kuma da yawa za a yi, a mol ake matsa shi tunda gilashin na laushi a wajen digiri 185.

Sai dai ga tarkon da ke kama mutane. Fuskar Binary 2, wadda ake tsara zobban da ita a OpticStudio, tana ɗauka cewa duk hasken ya bi oda ɗaya (ɗaya daga hanyoyin da zobba ke raba haske) da ka zaɓa. A zahiri ba haka ba ne. Idan ka tsara a maikiron 10, abin da ke bin odar farko kashi 81 ne a maikiron 8, kashi 91 a 12, kashi 76 a 14. Ragowar ba ɓacewa yake yi ba, yana bazuwa a kewayen hoton kamar hazo. MTF ɗin da ka gani a allo sai ka ninka shi da matsakaicin wannan inganci, wajen 0.9, kafin ka yarda da shi. Ga mai neman mutum a daji wannan ƙaramin abu ne. Ga mai auna zafi kuwa, hazon nan na ɗebo zafin farantin da ke gefe ya zuba a inda kake aunawa.

Malama Rabi: Shi ya sa na fi son a gwada zinc sulfaid a matsayin lens mai ƙarfi kishiya. Lambar Abbe ɗinsa wajen 23 ce, kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe launin, ba zobba ba hazo. Illarsa yana fara shan haske bayan maikiron 10 zuwa 11, to a bar shi siriri.

Aminu: Ke nan zaɓi uku: jamaniyam da mota, kalkojinaid da zobba, ko kalkojinaid da zinc sulfaid. Babu hanyar haɗa jamaniyam da kalkojinaid?

Injiniya Bashir: Akwai, kuma ita ce aka fi bi idan ƙura ta shigo magana. A lissafin lens sirara da ke manne, sharuɗɗa biyu ne: ƙarfinsu ya haɗu ya ba da 1, sannan 126 sau na farko, a haɗa da −3 sau na biyu, ya ba da −23.6. Amsar ita ce jamaniyam ya ɗauki −0.16, kalkojinaid +1.16. Wato jamaniyam mai rauni a gaba, ƙarfinsa kishiya, kalkojinaid a baya yana ɗauke da aikin. Da ka raba su da tazara lambobin za su motsa, amma daga nan ake farawa.

Amfanin sa jamaniyam a gaba shi ne tauri. A ma'aunin Knoop yana wajen 780, As40Se60 bai kai kashi ɗaya cikin biyar na haka ba. Farfelar jirgi na tada yashi a kowane tashi da sauka. Fuskar kalkojinaid da aka bari a waje, idan ka haska ta da tocila daga gefe bayan ɗan lokaci, za ka ga ta yi fari-fari kamar an goge ta da toka, musamman inda aka share ta da gefen riga. A sa wa fuskar gaba shafin DLC (kabon mai tauri kamar lu'ulu'u), na ciki kuma shafin hana dawowar haske. Jamaniyam tsirara na maido da kashi 36 a kowace fuska, abin da ke ratsa shi bai wuce kashi 47 ba, saboda haka batun shafi ba na ado ba ne.

Malam Nura: A ƙara da farashi. Tun 1 ga Agusta 2023 China ta sa lasisi a kan fitar da jamaniyam da galiyam, kuɗinsa ya tashi sosai. As40Se60 babu jamaniyam a cikinsa ko kaɗan. Amma akwai asenik, to garin yankansa guba ne, ba aikin da za a kai ƙaramin shago ba ne.

Dakta Hadiza: Ku yi haƙuri in mayar da mu baya kaɗan. Kowa na gardamar kaya, babu wanda ya tambayi dalilin f/1.0. Malam Aminu, me ya sa ka zaɓe shi?

Aminu: Saboda NETD, Dakta, wato mafi ƙanƙantar bambancin zafi da sensa ke iya gani. A f/1.0 masu sensa ke ba da lambarsu, ƙasa da 40 mK (kashi 40 cikin dubu na digiri).

Dakta Hadiza: To mu duba abin da aikin ke nema. Ƙa'idar IEC TS 62446-3 ta 2017, wadda ta shafi duba farantan sola da kyamarar zafi a waje, tana neman NETD da bai wuce 0.1 K ba, hasken rana aƙalla 600 W/m² a fuskar faranti, da fiksel 5×5 a kowane sel. Bambancin zafin da ake nema digirori ne, wani lokaci gommai, ba 'yan kaso cikin dubu na digiri ba. NETD na tafiya da 4N²+1. Daga f/1.0 zuwa f/1.2 ninki 1.35 ne, 40 ya koma 54 mK, har yanzu rabin abin da aka yarda. Ga ribar da za ka samu: zurfin fokas ya tashi daga ±20 zuwa ±29 maikiron, faɗin lens ya sauka daga 25 zuwa kusan 21 mm, zobban Malam Nura sun koma uku da ɗan kai, kuskuren haɗawa kuma ya samu sassauci. Hasarar ita ce iyakar MTF a layi 42 ta sauka daga 0.48 zuwa 0.39. A f/1.4 ta zama 0.30, nan ni ba zan je ba.

Kuma MTF na lens ba shi kaɗai ba ne a layi. Fiksel ɗin kansa na ninka shi da 0.64 a wannan mitar. Sai motsi, wanda ya fi duk waɗannan ɓarna. Fiksel ɗaya na ganin 0.48 mrad. Sel mai faɗin 156 mm a raba biyar ya ba da kusan 3 cm a fiksel, wato tazarar mita 62 zuwa 65 ita ce iyaka. Maikurobolomita ba ta da lokacin ɗauka da za a gajarta kamar kyamarar waya, sai ta ɗumama ta huce, kuma wannan na cin wajen 10 ms. Jirgi na tafiyar 5 m/s, a 10 ms ya ci 5 cm, fiye da fiksel ɗaya da rabi. Duk wahalar da aka sha don ƙara 0.05 a MTF ta tafi a banza. Ko dai a rage gudu zuwa 2 ko 3 m/s, ko a yarda cewa hoton zai ja a gefen da ake tafiya.

Malama Rabi: Na yarda da f/1.2 idan duba farantai ne kaɗai. Amma idan kyamarar za ta yi aikin gadi da dare fa, f/1.0 na da amfani.

Dakta Hadiza: Wannan wani aiki ne daban, Malama, da nasa lissafin. A ma'aunin Johnson na 1958, zagaye ɗaya (fiksel biyu) ake buƙata a gane akwai abu, huɗu a gane mutum ne. Da faɗin mutum 0.75 m da wannan lens, mita 780 ke nan da mita 195. Can ne mK ke da daraja, musamman da damina bayan ruwa, lokacin da komai ya koma zafi ɗaya. Kada a ɗora wa lens ɗaya buƙatun aiki biyu tun ba a ce ana so ba.

Sadiya: Tambaya daga ɗaliba. Me ya sa ba za a yi amfani da zangon maikiron 3 zuwa 5 ba? Bazuwar haske ta fi ƙanƙanta a can, ga silikon mai araha.

Malam Nura: Tambaya mai kyau, 'yar'uwa. Dalili na farko rana ce: a zangon 3 zuwa 5 ƙyallinta a kan gilashin faranti yana da ƙarfi, kuma da tsakar rana ake wannan aiki. Na biyu, abu mai zafin digiri 60 ya fi fitar da haske a wajen maikiron 8.7, raba 2898 da 333 ki gani. Na uku, sensar InSb sai an sanyaya ta zuwa wajen 77 K da injin Stirling, ga nauyi ga cin batir ga tsada. Tsarin lens ɗin ma ya canza gaba ɗaya, domin dole ƙofar haske ta tsarin ta faɗo daidai kan ƙofar sanyi da ke cikin kwalbar sensa, in ba haka ba sensa za ta riƙa ganin gangar mai ɗumi. Sai matsalar nasisas, inda sensa mai sanyi ke hango kanta a fuskar lens, baƙin tabo ya fito a tsakiyar hoto. Ana bin diddiginta fuska bayan fuska da wani ma'auni mai suna YNI, a OpticStudio YNIP, ana so ƙimar ta yi girma a kowace fuska.

Aminu: Ke nan a tawa babu ruwana da wannan?

Dakta Hadiza: Nasisas mai tsanani babu, amma akwai ɗan'uwansa. Bari in nuna maka girman siginar da kake kamawa. A 300 K, tsakanin maikiron 8 da 14, canjin digiri ɗaya na canza fitar haske da kusan 2.6 W/m². Ninka da 0.9 na ratsawa, raba da 5 a f/1.0, ninka da faɗin fiksel, 144×10⁻¹² m². Ya ba da wajen 67 pW a digiri. Wannan fiksel ɗin kuma tana ganin ganga da zobban riƙe lens da lens ɗin kansu, duk suna fitar da nasu hasken a zango ɗaya. Ɗan labulen da ke rufewa don daidaita fiksel a bayan lens yake a yawancin kyamarori, to abin da lens da gangar gaba ke fitarwa ba ya gyara shi. Rana ta bugi gefe ɗaya na ganga, sai ka ga gefe ɗaya na hoto ya yi haske a hankali, labule ya rufe ya buɗe, abin bai tafi ba. Jamaniyam ya fi shiga wannan, domin shan haskensa na ƙaruwa da zafi, yana bayyana tun daga wajen digiri 60 zuwa 70, bayan 100 kuwa ba a ma amfani da shi. Abin da ke shan haske kuma yana fitarwa. Wani dalilin ke nan na barin shi siriri.

A kwaikwaya wannan a yanayin OpticStudio da ba na jere ba, ko a manhajar FRED, a mai da kowace fuskar ganga tushen haske da zafinta. A waje kuma a yi wa gangar fenti fari da 'yar rumfa.

Injiniya Bashir: Ga yadda zan jera aikin a OpticStudio, Malam Aminu. Fara da tagar sensa, ka nemi kaurinta da kayanta a takardar masu ita. Misali tagar silikon mai 0.7 mm na tura fokas baya da kusan 0.5 mm, kuma a buɗaɗɗen lens irin wannan tana ƙara kuskuren siffa, wanda gyaran fokas ba ya cirewa. Zangon haske kada ka ba su nauyi ɗaya, ninka amsawar sensa da ratsawar shafi da lanƙwasar Planck ta digiri 60. Filin gani har 11.1° a kusurwa. Kunna Adjust Index Data To Environment, ka cika ginshiƙin TCE (kumburi da zafi) na kowace tazarar iska da 23.6, har da ta ƙarshe zuwa sensa, ita aka fi mantawa. Sannan Make Thermal a 10, 37 da 65. Tabbatar tazarar ƙarshe tana bin kumburin ganga ne kawai. Idan ka bar ta a sake a kowane yanayi, manhajar za ta gyara fokas da kanta ta nuna maka sakamako mai kyau na ƙarya. A ma'aunin inganci sa EFFL, MTFT da MTFS a layi 42 a duk yanayi ukun, da RELI sama da 0.9. Dokar cos⁴ kaɗai ta riga ta ci kashi 7 a 11.1°.

Lura kuma manhajar na kumbura tazarar iska ne daga inda take ɗauka lens ya zauna a gefe. Idan a zanen ƙarfenka lens na zaune a kan kafaɗa a wani wuri daban, gyara wannan, don a irin wannan lens maikiron biyar ma abin lissafi ne.

Malama Rabi: Kuma a duba lambobin dn/dT (canjin n da zafi) na kundin manhajar da takardar mai sayar da gilashin, ba kullum suke daidai ba. A kalkojinaid da ragowar −3 ce kacal, kuskuren 5×10⁻⁶ na iya kai ta kusa da sifili. Wajen sassaucin kuskure ni zan fara da gocewar tsakiya maikiron 20, karkata minti ɗaya zuwa biyu, kauri ±20 maikiron, n ±0.001, mai gyara guda ɗaya tak wato fokas a digiri 20, a kulle shi, sannan a duba sauran yanayin. Gwajin Monte Carlo (haɗa kurakurai barkatai) sau ɗari biyar, a karanta layin kashi 90, ba matsakaici ba.

Batun zobba da zinc sulfaid dai ban sauka ba. A tsara duka biyun a f/1.2, a kwatanta su da abu ɗaya: nawa ne daga hasken murabba'in fiksel 3×3 mai zafi ke zama a cikinsa.

Malam Nura: Na amince da wannan gwajin, amma a haɗa oda ta 0 da ta 2 a lissafin zobban, kowace da nauyinta, in ba haka ba zobban za su ci gasar ba da haƙƙi ba.

Aminu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan sake shi a f/1.2, jamaniyam mai DLC a gaba, in kawo duka biyun. Idan samfur ya iso, da me zan gwada shi?

Dakta Hadiza: Kolimeta (na'urar da ke sa haske ya zo kamar daga nesa) mai madubin farabola, tushen baƙin jiki (abu mai fitar da zafin da aka sani) a bayan wuƙa da aka karkata kusan digiri 5, ka ciro MTF daga gefen. Kyamarar ta shiga akwatin zafi, kolimeta na waje yana leƙawa ta tagar jamaniyam ko zinc selenaid da ka riga ka auna tasirinta. A kowane mataki jira har ma'aunin da ke jikin ganga ya tsaya cak, aƙalla minti 30, kuma ka auna a hawa ka auna a sauka. A fili kuma kada kyamara ta kalli faranti kai tsaye, karkata ta aƙalla digiri 5. Gilashin faranti ε ɗinsa (kason fitar da zafi) wajen 0.85 ne, ragowar madubi ne, zai nuna maka motocin jirginka a matsayin sel mai zafi, gajimare kuma a matsayin tabo. Sa zafin sararin sama a gurbin zafin da ke dawowa, kada ka sa na iska.